Kayan Da Jirgi Ya Sauke A Kafanchan: Tarihin Jarida Da Littafi A Kudancin Kaduna



In ana hirar tarihin Kafanchan, abin da ake fara kawowa shi ne jirgin ƙasa da kayan da yake ɗauka: kwal daga Inugu, kuza daga Bukur, citta daga ƙasar Jaba, shanu da gyaɗa zuwa Kudu. Ba a cika tunawa da wani kaya marar nauyi da ake saukewa a tasha a ɗaure da igiya ba, wato jarida da littafi. Kan wannan kayan nake so mu tsaya yau, domin shi ya sa Bahaushen Kafanchan da ɗan Bajju na Zonkwa da mutumin Kagoro suka wayi gari suna karatu da harshe ɗaya, ko da yake ba abu ɗaya suke karantawa ba. Akwai kuma abin da ya daɗe yana ci mini tuwo a ƙwarya a cikin wannan tarihi. Mun yi kusan shekara ɗari muna karanta abin da aka buga a Zariya da Jos da Kaduna da Legas, amma namu labarin, yawancinsa a can aka rubuta shi, aka aiko mana.

Bari mu faro daga tushe. Rubutu ya riga Turawa zuwa wannan yanki. Wajen 1810 Malam Usman ya kafa masarautar Jama'a a Jama'ar Daroro, ƙarƙashin Zazzau, kuma inda duk aka kafa irin wannan sarauta, to da malami da alƙali da magatakarda ake kafa ta. Wasiƙun da ke kai da kawowa tsakanin Jama'a da Zazzau da baƙin Larabci ake yin su. Zangon Kataf kuwa sunansa ma ya ba da labarinsa: masaukin fatake ne, kuma ayarin fatake ba ya rasa malami da gafakarsa. Littafi a wancan zamani ba abin saye ba ne a kanti. Aro ake yi a kwafe da hannu, warƙa bayan warƙa, da alƙalamin gamba da tawadar da aka dafa a gida. Waƙoƙin wa'azi na ajami haka suka riƙa tafiya, daga hannun wannan almajiri zuwa na wancan, har su isa garin da marubucinsu bai taɓa jin sunansa ba.

BATUREN DA YA KWASHI TATSUNIYOYI

Karon farko da maganar mutanen wannan yanki ta shiga injin ɗab'i da yawa, ta hannun wani Bature ne mai suna A. J. N. Tremearne, haifaffen Ostiraliya, wanda ya yi aikin mulki a Jama'ar Daroro wajen 1909. Mutum ne mai son tara labari. A Zariya da nan Jama'a ya riƙa zaunar da Hausawan da ke kusa da shi suna yi masa tatsuniya yana rubutawa. A 1913 ya fitar da littafi a Landan mai suna Hausa Superstitions and Customs, wanda ke ɗauke da tatsuniyoyi ɗari da bayanin al'adu, shekara ta zagayo kuma ya buga Hausar tatsuniyoyin a wani littafin dabam. Har gobe masu nazarin adabin baka a jami'o'i suna buɗa waɗannan littattafai. Ke nan wani kaso na tsofaffin tatsuniyoyin Hausa da duniya ta sani a rubuce, a ƙasar Jama'a aka faɗe su.

To amma wannan Baturen dai shi ne a 1912 ya buga littafi a kan mutanen Kagoro da maƙwabtansu, ya sa masa suna The Tailed Head-Hunters of Nigeria, wato wai masu jela mafarauta kawuna. Ku dubi wannan suna. Mutumin da ke cikin masu kai wa mutane yaƙi a kan duwatsunsu, shi ne kuma ya gabatar da su ga duniya, da sunan da zai sa littafi ya yi kasuwa a Ingila. Hausawan ma ba su tsira ba, tunda kalmar farko da ya laƙaba wa al'adunsu a bangon littafi ita ce camfi. An kashe Tremearne a fagen Yaƙin Duniya na Ɗaya a Faransa a 1915, amma hanyar da ya share ta daɗe ana binta: a zo a ji daga bakinmu, a tafi a buga a wani wuri, da harshen da mai ba da labarin ba zai iya karantawa ya ce an yi masa ƙari ko ragi ba. Bayansa C. K. Meek ya yi dogon rubutu a kan Kataf da maƙwabtansu a littafinsa na 1931, C. G. Ames kuma ya haɗa kundin bayanin Lardin Filato a 1934, wanda Jama'a ke ciki.

DOGO YA ISO

Mutanen Fantswam suna zaune a wannan wuri tun kafin a shimfiɗa ƙarfe, sunan garin ma daga nasu ya samo asali. Amma garin da muka sani, dogo ne ya tara shi. Hanyar jirgin da ta taso daga Fatakwal ta bi ta Inugu da Makurɗi, zuwa 1927 ta haɗe da ta Kaduna, aka kuma fitar da reshe daga Kafanchan zuwa Jos. A 1932 aka gama gadar Makurɗi, jirgi ya daina jiran a tsallakar da shi Binuwai. A 1933 fadar Sarkin Jama'a ta dawo Kafanchan. Cikin shekaru ƙalilan ƙauye ya zama mahaɗar hanyoyi uku, da loko, da gidan waya, da barikin ma'aikata, da kasuwar da ake jin Hausa da Ibo da Yarbanci da Turancin buroka a rumfa ɗaya. Unguwar Bayan Loko tana nan tana ba da shaida da sunanta.

Abin lura shi ne shekarun. A daidai lokacin da Kafanchan ke tasowa, a lokacin ne kuma ake aza harsashin buga littafin Hausa da baƙaƙen boko. Garin da rubutun boko na Hausa kusan sa'o'in juna ne.

A Zariya gwamnatin mulkin mallaka ta ajiye Hukumar Fassara, wadda daga baya ta koma Hukumar Talifi, ƙarƙashin Dakta Rupert East. A 1933 East ya zaga yana neman malamai su rubuta ƙagaggun labarai da Hausa, aka yi gasa. Daga nan aka samu Ruwan Bagaja na Abubakar Imam, da Ganɗoki na Bello Kagara, da Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa, da Idon Matambayi na Muhammadu Gwarzo, da Jiki Magayi wanda John Tafida ya rubuta tare da East. Ku lura da wannan suna na ƙarshe. John Tafida Kirista ne mutumin Wusasa, yana cikin mutum biyar na farko da suka buɗe ƙofar ƙagaggen labarin Hausa. Tun ranar farko ba gidan mutum ɗaya ba ne. A 1936 aka ɗauko Imam daga makarantar Midil ta Katsina zuwa Zariya ya rubuta Magana Jari Ce. A cikin shekarun nan ne kuma aka tsayar da baƙaƙe masu ƙugiya, ɓ da ɗ da ƙ, waɗanda muke fama da su a wayoyinmu yau. Kafin nan ɗigo ake sa wa a ƙasan baƙi, ko a rataya masa waƙafi.

Sai watan Janairu na 1939, Gaskiya Ta Fi Kwabo ta fito, Abubakar Imam ne editan Hausa. Kwabo ɗaya ake sayar da ita, sau ɗaya a wata da farko. Dalilin kafa ta ba ɓoyayye ba ne: yaƙi na ƙaratowa a Turai, jita-jita ta yi yawa, Turawa na son bakin da za su yi wa talakan Arewa magana da shi kafin wani ya riga su. Amma jarida ba ta tsayawa inda mai ita ya ajiye ta. Shafin wasiƙu ya zama dandali. Malaman makaranta da akawunan En'e da ma'aikatan jirgi suka riƙa aiko da koke kan haraji da alƙalai da halin 'yan doka, Imam kuma yana saƙa nasa a cikin sharhi, da karin magana, yadda Razdan zai karanta bai sami inda zai kama shi ba. Kwafi ɗaya kuwa ba na mutum ɗaya ba ne. Wanda ya iya boko zai zauna a ƙofar gida ko rumfar tela ya ɗaga murya, goma ko fiye suna saurare. Garin da ke bakin dogo kamar namu yana samun jaridar da wuri, daga nan ta bi 'yan kasuwa da masu keke ta shiga ƙauyuka. A 1945 aka kafa Kamfanin Gaskiya a Tukur-Tukur, Zariya, da injinansa na kansa, a 1948 kuma ya ƙara da jaridar Turanci, Nigerian Citizen.

ƊAYA KOGIN

Wannan kogi ɗaya ke nan, na Zariya. Akwai na biyu, wanda mu Hausawa Musulmi ba mu cika sa shi a lissafi ba in muna ba da tarihin rubutun Hausa, alhali a Kudancin Kaduna ya yiwu ma ya fi na farkon yawan masu sha.

Turawan mulki sun hana 'yan mishan sakewa a cikin manyan masarautun Musulmi, don haka suka karkata ga ƙasashen da ba Musulmi ba. Mishan ɗin SIM ya sauka a Kwoi a 1910, ya buɗe tasha a Kagoro wajen 1927, ba da jimawa ba kuma aka fara makarantar koyon Littafi Mai Tsarki a can, wadda ta girma ta zama kwalejin tauhidi ta ECWA da ke Kagoro yau. Matsalar da suka tarar ita ce harsuna. Tafiyar yini ɗaya a ƙasa sai ka ratsa Hyam da Jju da Tyap da Gworok da Ninzo. Sun gwada fassara wasu sassa da harshen Jaba tun farkon shekarun 1920, amma ma'aikata kaɗan ne, harsuna kuwa ba iyaka. Hausa ce harshen kasuwa, ita ce ta kotu da haraji. Sai suka kama ta. Baturen mishan da ya iso sabo, Hausa ake fara koya masa kafin a tura shi daji.

A 1932, shekara ɗaya kafin gasar East, aka buga cikakken Littafi Mai Tsarki da Hausa. Ƙashin bayan aikin shi ne Dakta Walter Miller na mishan ɗin CMS, wanda ya zauna a Zariya tun 1905, tare da Hausawan da suka yi aiki da shi. Wannan littafi da Littafin Waƙoƙi su ne suka zama allon ɗimbin mutane a Kagoro da Kwoi da Zonkwa da ƙauyukan da ke kewaye. A ajin karatu na majami'a, dattijo da matar aure da yaro makiyayi suka koyi haɗa baƙi da wasali, da Hausa. Maɗaba'ar SIM, wadda ake kira Niger Press, ta koma Jos tana fitar da ƙananan littattafai da mujallar Labarin Ekklesiya, kantunan littattafan mishan kuma suna sayarwa. Daga Jos zuwa Kafanchan kuwa jirgi ɗaya ne.

Sakamakon abin mamaki ne in mutum ya tsaya ya duba. Zuwa shekarun 1950, a kasuwar Kafanchan za ka iya samun mutum biyu, ɗaya ya koyi boko a elementare ta En'e, ɗaya a ajin majami'a, ba sa sallah ɗaya, ba sa cin yankan juna wataƙila, amma takardar da ɗaya ya rubuta ɗayan zai karanta ba tare da tafinta ba. Wanda ya koyi karatu don Linjila ba abin da zai hana shi sayen Gaskiya Ta Fi Kwabo, ko ya yi dariyar Wazirin Aku a Magana Jari Ce. Hausar majami'a ma ta yi nata kalmomin da nata salon, har yau in an ji mai wa'azi a Zonkwa an san Hausar Littafi ce a bakinsa, tsohuwar Hausar Zazzau da aka adana a takarda.

Sai dai kada mu yi wa kanmu daɗin baki. Da yawa daga cikin maƙwabtanmu sun karɓi Hausa ne suna jin ɗacinta, domin da ita hakimi ke karɓar haraji, da ita ake yanke musu hukunci, kuma a cikinta ne ake kiransu da sunayen da ba su suka raɗa wa kansu ba. Shi ya sa daga baya aka ga Kaje ta koma Bajju, Kataf ta koma Atyap, Jaba ta koma Ham. Shi ya sa kuma aka koma ga aikin da aka ajiye tun farko: Sabon Alkawari ya fito da harshen Jju a farkon shekarun 1980, da harshen Tyap a 2015. Duk da haka, je ka majami'un ƙauye ranar Lahadi ka ji da wane harshe ake rera waƙa.

Akwai kogi na uku, zan ratsa shi da sauri. Ma'aikatan jirgi da akawuna 'yan Kudu da suka cika barikin reluwe, jaridunsu na Turanci suke jira: West African Pilot da Nnamdi Azikiwe ya kafa a Legas a 1937, da 'yan uwanta. Su ne suka shigo da zafin siyasar neman 'yanci garuruwan bakin dogo. Lokacin babban yajin aikin 1945, wanda ma'aikatan jirgi ke kan gabansa, har sai da gwamnati ta dakatar da Pilot da Daily Comet. A 1949 Comet ta koma Kano, ta zama mafakar matasan da suka kafa NEPU. 'Yan ƙananan littattafan kasuwar Onica, na soyayya da koyon rubuta wasiƙa, su ma ta wannan hanya suka hauro. Rikicin 1966 ya watsa yawancin masu karanta su.

ZAMANIN YAƘI DA JAHILCI

In akwai lokacin da littafin Hausa ya yi arha ya kuma yi yawa, to shekarun 1950 ne. Gwamnatin Jihar Arewa ta ƙaddamar da Yaƙi da Jahilci, Malam Ahmadu Kumasi na cikin jagororinsa, aka buɗe azuzuwan manya a gari da ƙauye. Amma wanda ya koyi karatu bai sami abin karantawa ba, ba a jimawa zai koma gidan jiya. Don haka aka kafa hukumar NORLA a Zariya wajen 1953, aikinta ta buga ta kuma kai har inda mutane suke. Ta fitar da littattafan koyo, da na noma da tsabta, da tarihin garuruwa, da na addini, da boko da ajami. A wannan zamani ne waƙoƙin Sa'adu Zungur da na Mu'azu Haɗeja suka fito a littafi, Imfiraji ta Aliyu Namangi kuma, wadda makafi da almajirai suka riga suka yaɗa da baki, ta zama abin da za ka saya da 'yan kwabbai ka sa a aljihu.

Abin da ya fi shafarmu shi ne ƙananan jaridun larduna. NORLA ta yi wa kusan kowane lardi tasa: Sodangi a Kano, Himma a Katsina, Zaruma a Sakkwato, Zumunta a Bauci, Bazazzaga a Zazzau, Gamzaki a Filato. To mu a nan kan iyaka muke. Tun 1926 Turawa suka sa Jama'a cikin Lardin Filato, Zangon Kataf da Kaciya kuwa gundumomin Zazzau ne. Ke nan yankin da muke kira Kudancin Kaduna yau, jaridu biyu suka raba shi, ɗaya tana duban Jos, ɗaya tana duban Zariya, kowace kuma muna can gefen shafinta. Ni a ganina wannan ƙaramin abu ya nuna matsayinmu a harkar ɗab'i gaba ɗaya. Mu ne mahaɗa, kowa ta kanmu yake bi, amma ba inda aka ajiye injin.

NORLA ba ta yi tsawon rai ba, an rufe ta a 1959, kuɗin da take kashewa ya fi wanda take samu. A 1966 aka kafa kamfanin NNPC a Zariya tare da Macmillan, ya gaji littattafan, a ranar 1 ga Janairun shekarar kuma New Nigerian ta fara fitowa a Kaduna, Gaskiya Ta Fi Kwabo ta koma ƙarƙashinta. Waɗanda suka yi firamare a shekarun 1970 sun san littattafan NNPC a aji, Ka Koyi Karatu da Ka Ƙara Karatu, kafin a kai ga Iliya Ɗan Maiƙarfi.

RANAR DA LABARI YA FI JIRGI GUDU

Daga tsakiyar shekarun 1980 abubuwa biyu suka lalace tare. Jirgi ya fara zuwa yau, gobe babu, har ya zama sai an yi sa'a. Tsarin tsuke bakin aljihu na 1986 kuma ya karya darajar naira, takarda da tawada da kayan gyaran inji duk daga waje ake sayo su, littafi ya fi ƙarfin malamin makaranta.

Ana cikin haka sai ga 6 ga Maris, 1987. Saɓani ya tashi a Kwalejin Ilimi ta Kafanchan a wajen wani taron wa'azi na ɗalibai Kirista, ya fantsama cikin gari, aka rasa rayuka, aka ƙona wuraren ibada. Cikin 'yan kwanaki wuta ta kama a Kaduna da Zariya da Funtuwa da Katsina, wadda a lokacin tana cikin Jihar Kaduna. Ba zan shiga wa ya fara ba, ba shi ne zancenmu ba yau. Abin da ya shafi tarihin jarida shi ne yadda labarin ya fita daga garin. Masana irin su Jibrin Ibrahim da Matthew Hassan Kukah sun tsaya sosai a kan rawar da kafofin yaɗa labarai suka taka, musamman abin da aka riƙa watsawa ta rediyo daga Kaduna a kwanakin farko. Jaridun Legas kuma suka ba da nasu da Turanci, ta fuskar da masu karatunsu ke son ji. Mutumin Funtuwa da mutumin Ibadan kowanne ya sami Kafanchan ɗinsa, kuma ba ɗaya daga cikin biyun da mazaunin garin zai gane sarai. Harshen nan da ya haɗa mutum biyu a kasuwa, shi ne ya kai labarin inda aka ɗauki fansa a kan waɗanda ba su san hawa ba, ba su san sauka ba.

An sake ganin irin haka a rikicin Zangon Kataf na 1992, da na Kafanchan a 1999, da na bayan zaɓen Afrilun 2011 da aka ƙona kasuwa. Kowane karo sunan garin na hawa shafin farko na kwana uku, sannan ya ɓace sai wata masifar. Kowane karo kuma, ban da rayuka da dukiya, akwai asarar da ba a lissafawa: akwatin takardun kaka, kundin malami, rijistar majami'a, hotuna, tsofaffin wasiƙu. Gini ana sake shi. Warƙar da aka kwafa da hannu a zamanin Jama'ar Daroro, in ta ci wuta, shi ke nan.

Karatu dai bai mutu ba, ya sauya hannu ne. Da manyan kamfanoni suka ja baya, sai matasan Kano da Kaduna da Zariya suka fara buga nasu da kuɗin aljihunsu. Balaraba Ramat Yakubu, Ado Ahmad Gidan Dabino da In Da So Da Ƙauna a 1991, Bilkisu Funtuwa da Allura Cikin Ruwa. Waɗannan ba jirgi ya kawo su ba, motar kasuwa ce, a cikin kwali, tare da atamfa da turare. Matan aure da 'yan mata suka riƙa haya suna karɓa-karɓa har bango ya cire. Malamai sun yi ta faɗa, masana sun yi musu kallon raini da farko, amma su suka riƙe wa Hausar boko masu karatu a shekarun da makaranta ta kasa. Mujallar Fim ta zo a 1999, Aminiya a 2006. Gaskiya Ta Fi Kwabo kuwa ta yi ta jan ƙafa tare da New Nigerian har suka daina fitowa a 'yan shekarun bayan 2010. Jaridar da ta haura shekara saba'in, ba a ko yi mata sadakar uku ba.

'Ya'yan wannan yanki sun yi rubutu, kuma rubutu mai nauyi. A 1993 kaɗai littattafai biyu suka fito: Religion, Politics and Power in Northern Nigeria na Kukah, ɗan ƙasar Ikulu a Zangon Kataf, wanda aka buga a Ibadan, da The British Colonial Legacy in Northern Nigeria na Yusufu Turaki, wanda aka buga a Jos. Ko ka yarda da abin da suka faɗa ko ba ka yarda ba, sun zauna sun bi takardu sun kafa hujja, duk mai nazarin yankin nan kuma dole ya bi ta kansu. Amma da Turanci suke. Littattafan da ake dogara da su kan tarihin Jama'a da Kafanchan da Zango kusan duk da Turanci suke, daga na Tremearne har zuwa kundayen digiri da ke jibge a Jami'ar Ahmadu Bello. Mu da muke taƙama harshenmu ne aka fi bugawa a Arewa, tarihin zamanmu a nan, zuwan kakanninmu, unguwanninmu, malamanmu, mahautanmu da dillalan citta, yawancinsa yana bakin dattawa, dattawan kuma kullum raguwa suke. Idan gardama ta tashi kan wa ya riga wa zuwa, kowa sai ya ruga ya ɗauko abin da Di'o ya rubuta a 1914.

Takardun Di'on kuwa suna nan. Suna gidan adana takardun tarihi na ƙasa da ke Kaduna, wasu kuma a Gidan Arewa, tsohon gidan Sardauna, inda ake samun tsofaffin jaridu. Sai dai mai nema ya shirya yawo, don ba a wuri ɗaya aka tara mu ba. Abin da ya shafi Jama'a kafin 1926 yana cikin fayilolin Lardin Nasarawa, na bayan nan yana cikin na Jos, na Zangon Kataf da Kaciya kuma yana cikin na Zariya. Sunan ma ba yadda muke faɗarsa aka rubuta ba. A bangon fayil Jemaa za ka gani, ko Jemaan Daroro, yadda kunnen Bature ya ji shi.